Sakin mota a firi a gangara: tattalin mai ne ko ganganci?

Sadiq_Bukuru:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga direbobi da kanikawan da ke cikinmu. Motata Corolla ce mai giyar hannu, ƙirar 2005, kuma aiki yakan kai ni Akwanga daga Jos, wato dole in sauka Hawan Kibo. Wanda ya koya mini tuƙi, maƙwabcinmu ne kuma ya daɗe yana jan mota, ya ce duk inda na samu gangara in zare giya in sa firi, mota ta tafi da kanta, in gudu ya yi yawa in taɓa birki. Ya ce tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa haka yake yi. Wani abokin aikina kuma ya ce wannan wasa da rai ne. Wanne zan ɗauka? Ta biyu, in na tsaya a danja, in danne kulochi giya tana lamba ɗaya, ko in mayar firi in ɗage ƙafa? Allah ya saka da alheri.

Auwal_Sharon:
Wa alaikumus salam. Maƙwabcinka bai yi maka ƙarya ba. Ka shiga kowace tasha ka tambayi masu lodi. Inji in yana firi silo kawai yake yi, ba ya jan komai, to me zai sha? Mu da muke kwana muna tashi a kan titi mun san abin da ke rage mana a tanki.

Baba_Tanko_Direba:
Wa alaikumus salam. Sadiq ɗana, ka saurare ni da kyau. Na ja 504 doguwa, na ja J5, a kan wannan hanya taka, tun kafin a kafa Road Safety a 1988. Abin da maigidana ya fara sa mini a kai kafin ya sakar mini sitiyari shi ne, giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauko. In da lamba uku motarka ke hawa Kibo, da lamba uku za ta sauka.

Idan mota tana cikin giya ka ɗage ƙafa daga totur, injin ne ke riƙe ta, birki tallafi kawai yake yi. Da ka sa firi ka sallami inji, ka ɗora wa birki shi kaɗai nauyin mota da na mutane da na kaya, tun daga sama har gindin dutse. Birki kuwa yana gajiya. Da farko ƙauri za ka ji yana shigowa ta taga. Can sai ka ga kana takawa da ƙarfi amma mota ba ta amsawa kamar ɗazu. In abin ya yi nisa, ƙafarka za ta nutse har ƙasa babu abin da ya tare ta. Na sha tsayawa a gindin hawan nan in ga mota ta sauko hayaƙi na tashi daga tayoyin gaba, wil ba ya taɓuwa don zafi, direba ya fito yana neman ruwan da zai kwara. Waɗannan su ne Allah ya yi wa gyaɗar dogo. Sauran kuwa mutanen ƙauyukan wurin ne ke sauka rami su fito da su. Kada ka sake ka sa firi a Kibo, ko man naka lita ɗaya ya rage.

Ummu_Hanif:
Innalillahi. Allah ya ƙara lafiya Baba. Allah ya tsare mu da tsarewarsa.

Injiniya_Kabiru:
Baba ya gama magana a kan rai. Ni bari in taɓo ɓangaren man, domin a nan ne mutane da yawa suka tsaya a ilimin motocin da. Malam Auwal, abin da ka faɗa yana da gaskiya a mota mai kafireto, irin 504 da tsofaffin Datsun, don ita ko ka ɗage ƙafa iskar da inji ke zuƙa tana janyo mai. Amma Corollar Sadiq da Sharon ɗinka duk masu injekta ne, kwamfuta ce ke ba su mai. Idan mota tana tafiya cikin giya, ka ɗage ƙafa daga totur gaba ɗaya, kuma juyin inji yana sama da wajen 1,500 a minti ɗaya, kwamfutar rufe nozul take yi ruf. Tayoyi ne ke juya injin a lokacin, ba fetur ba. Sai juyin ya sauko kusa da silo take sake sakin mai don kada mota ta mutu.

A firi kuwa babu abin da ke juya injin sai mai. Ƙaramar mota a silo tana shan tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya a awa. Ke nan a gangara mai tsauri, wanda ya bar ta a giya bai sha komai ba, wanda ya sa firi shi ne ya sha. Duk mai motar da ke nuna shan mai a dashbod ya gwada, zai ga ta rubuta 0.0 da zarar ya ɗage ƙafa a giya.

Auwal_Sharon:
Injiniya, na ji bayaninka, amma akwai abin da ka tsallake. A giya mota tana ja baya, gudunta yana mutuwa. Kafin in kai ƙarshen gangara dole in koma kan totur. A firi kuwa sai ta kwashe ni ta wuce gindin gangaren, ta haye rabin tudun gaba ban taɓa komai ba. Wannan nisan da na samu kyauta fa, ina ka sa shi a lissafinka?

Injiniya_Kabiru:
Wannan magana ce ta wanda ya san mota, kuma ba zan musa ba. A gangara mai laushi, doguwa, wadda ba ka buƙatar birki ko kaɗan, firi yana iya rage ɗan abu saboda dalilin da ka kawo. Amma Sadiq ba irin wannan ya tambaya ba. Kibo wuri ne da kake neman rage gudu, ba ƙara shi ba. Duk gudun da firi ya ba ka a wurin, birki ne zai ƙone shi. Ba ka tsira da mai ba, ka kuma cinye birkinka.

Malam_Habu_Zariya:
Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ko da ma a ce ana ragewa, saukar minti biyar nawa ne man silo ɗinta? Bai kai kashi ɗaya cikin goma na lita ba in muka bi lissafin Injiniya. A kan wannan za a sa ran mutum bakwai a ciki?

Ummu_Hanif:
Ku yi haƙuri in ɗan karkatar da zancen, tunda masana sun hallara. Ni matsalata tashi a kan tudu ce. A Mararaba nake, ina aiki cikin Abuja, kuma wanda ya san hanyar Nyanya zuwa Kugbo da safe ya san yadda gosulo ke kama mutum a tsakiyar hawa. Ka matsa taku biyu ka tsaya, na baya ya manne maka. Da na ɗage ƙafa daga birki sai mota ta fara zamewa baya, in na yi sauri na saki kulochi kuma ta mutu, hon ya taso ta ko'ina. Yaya ake yi?

Sani_Golf3:
Hajiya ki riƙe ta da kulochi kawai. Ki ɗago shi rabi, ki ɗan ba ta wuta, za ta tsaya cak ba gaba ba baya har layi ya motsa. Direban ƙwarai ba ya taɓa birkin hannu a gosulo.

Oga_Lawan_Bakanike:
Sani, wallahi irin wannan shawarar ce ke kawo mana motoci gareji. Hajiya kada ki ɗauka. Farantin kulochi yana tsakanin ƙarfe biyu ne. In kin saki gaba ɗaya sun matse shi suna juyawa tare, babu gogayya. In kin danne gaba ɗaya sun rabu, babu gogayya. Amma a rabi, kamar dutsen niƙa ne da ɗansa, abin da ke tsakaninsu shi ake niƙewa. Tun daga Nyanya har saman Kugbo kina riƙe da mota a haka, ai kafin shekara ta zagayo sai an sauke giyabos.

Ga yadda za ki yi. Kin tsaya, ki ja birkin hannu, ki mayar firi, ki huta. Layi zai motsa, ki danne kulochi, lamba ɗaya, hannunki a kan birkin hannu kin danna maɓallin amma ba ki sauke ba. Ki ɗan taka totur, allurar juyin inji ta kai wajen 1,500 zuwa 2,000. Ki riƙa ɗago ƙafar hagu a hankali. Akwai inda za ki kai ki ji muryar injin ta yi ƙasa, motar ta ɗan yi rawa, gabanta ya ɗago kaɗan tana son tafiya. Nan ne kulochi ya kama. Ki tsayar da ƙafar a nan, ki sauke birkin hannu, ki ƙara wuta kaɗan, sannan ki ƙarasa sakin kulochin. Ba za ta koma baya ko taƙi ɗaya ba. Ki nemi wani tudu a unguwa ranar Lahadi da safe ki yi ta maimaitawa har ƙafarki ta haddace wurin.

Hajiya_Bilki_KD:
Ummu Hanif 'yar'uwa, ki ƙara da wannan: ki duba takalminki. Silifas da takalmi mai tsini ba sa barin mutum ya ji inda kulochi ke kamawa, silifas ma yakan naɗe ya shige ƙarƙashin feda. Ni ina da wani shafaffen takalmi mai rufi da ba ya fita daga mota, in na isa ofis in canza. Ki kuma tattare bakin zani ko abaya kafin ki tayar. Kuma ba dole ba ne duk taku ɗaya da na gaba ya yi ki bi shi. Ki bari tazara ta ɗan buɗe, ki tafi a lamba ɗaya kulochi a sake. Masu hon su yi ta yi, ba su za su biya kuɗin gyara ba.

Ummu_Hanif:
Na gode ƙwarai Oga Lawan, na gode Anti Bilki. In na bar tazara 'yan acaɓa da masu tasi ne ke cusa kai, amma zan gwada.

Sani_Golf3:
Ni dai shekara da shekaru ina yi ban ga abin da ya same ni ba. Birkin hannun motoci nawa ne ma yake kamawa a garin nan?

Oga_Lawan_Bakanike:
To wannan ai wata matsalar ce daban, ƙanena. Birkin hannun da ba ya kamawa gyara shi ake yi, sau da yawa ɗaure kebur ne kawai ko canza shu na birkin baya, kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin kulochi ba.

Bari in amsa tambayar Sadiq ta biyu, na ga an bar ta. A danja, in tsayuwar za ta wuce 'yan daƙiƙoƙi, ka mayar firi ka ɗage ƙafa. Duk lokacin da ka danne kulochi akwai wani ɗan boris da muke kira rilis biyarin, shi ke tura murfin faranti, yana juyawa da nauyi a kansa. An yi shi don ya yi aikin daƙiƙa biyu ya huta. Shi kansa ba shi da tsada, amma kafin a kai gare shi sai an raba inji da giyabos. Alamar ya gaji, ka danne kulochi ka ji ƙara shuuu, ka saki ta ɗauke. Ga kuma haɗari: kana riƙe a lamba ɗaya, ƙafarka ta zame ko wani ya taɓa ka ta baya, mota ta yi tsalle cikin masu tsallaka titi.

Wata ɗabi'ar da ta fi wannan ɓarna ita ce ɗora ƙafa a kan kulochi ana tafiya. Mutum ya ce ai ban taka ba, ajiyewa kawai na yi. Nauyin ƙafar ya isa. Mafi yawan motoci suna da wurin ajiye ƙafa a gefen hagu, can ne mazauninta.

Sadiq_Bukuru:
Allah ya saka Oga. Yaya mutum zai gane kulochinsa ya fara tafiya tun kafin ya ajiye shi a hanya?

Oga_Lawan_Bakanike:
Ka samu miƙaƙƙen titi marar cunkoso, ka sa lamba huɗu kana tafiya a hankali, kamar 50, sai ka taka totur sosai. In allurar inji ta tashi sama, ƙara ta ƙaru, amma gudu bai ƙaru daidai da ita ba, yana sulɓi. Haka in sai ka ɗago ƙafa can sama kafin ya kama, ko kana jin ƙauri bayan ka hau tudu da kaya. In za a canza, a canza duka ukun lokaci ɗaya, faranti da murfinsa da rilis biyarin, kuma a duba fuskar fulayiwil, wato ƙarfen ɓangaren inji da faranti ke matsuwa a kansa. Masu cewa a sa faranti kawai don sauƙi, sau biyu suke biyan kuɗin aiki. In kuma giya ce ke ƙin shiga kulochi ya yi laushi, ka fara duba mai, don Corolla irin taka man birki kulochinta ke amfani da shi, wataƙila famfon kulochi na sama ko na ƙasa ne ke yoyo. Golf ɗin Sani kebur ce, tata matsalar daban.

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum ƴan uwa na Najeriya. Ina biye da ku tun farko. Mu nan babu duwatsu irin na Jos, rairayi ne malaminmu. Wanda ke bin hanyar Tanut zuwa Agadas, ko ya sauka daga gudron, wato kwalta, ya shiga ƙauyuka, ya san abin da ya sa har yanzu Hilux da Land Cruiser masu giyar hannu ake nema. A cikin yashi mai laushi doka ɗaya ce: ka zaɓi giyarka tun kafin ka shiga, lamba biyu galibi, kada ka canza a tsakiya. Da ka taka ambiriyaj, wato kulochi, ƙarfi ya yanke daga taya, yashi ya riƙe mota nan take, ka zauna. A rage iskar taya kafin a shiga. In ta kafe kuma kada a yi ta ba ta wuta, rami take haƙa wa kanta. A yi baya a kan sawun da aka shigo, a hankali.

Abu na biyu, in batir ya mutu a daji, mai giyar hannu turawa ake yi ta tashi. A kunna makulli, a sa lamba biyu, a danne ambiriyaj, mutane su tura, ta ɗauki gudu a saki da sauri. Otomatik kuwa sai dai ka zauna jiran wanda Allah zai kawo.

Malam_Habu_Zariya:
Me ya sa lamba biyu ba ɗaya ba? Na daɗe ina ganin ana yi.

Dan_Damagaram:
A lamba ɗaya injin ya fi ƙarfin masu turi, da ka saki sai taya ta ja ƙasa mota ta tsaya cik. A biyu ya fi sauƙin juyawa.

Abdul_Birmingham:
Abin da zan ƙara daga nan Ingila, in ka ci jarrabawar tuƙi da otomatik, lasisinka na otomatik ne kawai, doka ba ta ba ka damar jan mai giyar hannu ba sai ka sake jarrabawa. Kuma littafin dokokin hanyarsu ya yi gargaɗi a fili a kan tafiya a firi ko da kulochi a danne, saboda yana rage wa direba iko da mota. Tashi a kan tudu da birkin hannu, yadda Oga Lawan ya kwatanta, shi malaman tuƙi ke koyarwa a nan. Ba alamar rashin ƙwarewa ba ce.

Sani_Golf3:
Malam Abdul titinku daban namu daban.

Hajiya_Bilki_KD:
Titi daban ne, amma tudu tudu ne ko a ina. Ni da 504 ta mahaifina na koya, irin waɗanda ake haɗawa a da nan Kakuri, kuma tsohon bai taɓa zuwa Ingila ba, amma da birkin hannu ya koya mini. Abin da ke damuna yanzu yara suna tashi ba su iya komai ba sai otomatik. Ranar da rashin lafiya ta taso da dare, motar da ke ƙofar gida mai giya ce, sai a tsaya ana kallon juna. 'Ya'yana mata duka sai da na sa suka iya.

Ummu_Hanif:
Gaskiya ne Anti, amma wanda ke shan gosulon Nyanya kullum, gwiwarsa ta hagu ta san bambanci. In Allah ya hore ni dai otomatik zan koma.

Nasiru_Gembu:
Mu dawo kan maganar gangara, don mu a Mambila ita ce rayuwarmu. Daga Mayo Selbe ka fara hawa, kwana a kan kwana, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami, ga hazo da damina. A nan ko yaron mota ya san ba a sa firi. Akwai abin da ba a ambata ba wanda ya fi firi muni, kuma na ga ana yi a hanyoyin ƙasa tun da mai ya yi tsada: kashe inji ɗungurungum a gangara. Jama'a, abin da ke sa birki laushin takawa daga inji yake samun ƙarfi. In inji ya mutu, taku ɗaya ko biyu ya rage maka, na uku sai ka ji feda ta ƙage ta ƙi nutsewa. Sitiyari mai fawa shi ma ya yi nauyi. In kuma hannu ya kuskure makulli ya koma baya gaba ɗaya, a wasu motocin sitiyari kulle kansa yake yi a kwanar farko. Duk fasinjan da ya ji direba ya kashe mota a gangara ya yi magana da babbar murya, ba rashin kunya ba ne.

Baba_Tanko_Direba:
Allah ya yi maka albarka Nasiru. Manyan motoci ma haka ne, birkinsu na iska ne, injin ne ke cika tankin iskar. Direban tirela ya sa firi, inji na silo, iska na shiga kaɗan-kaɗan, shi kuma yana ta fasa ta da birki. Kuma babbar mota in ta ɗauki gudu a firi, giyar ba ta yarda ta koma. Kun sha jin an ce birki ya tsinke. Sau da yawa birkin lafiyarsa ƙalau ya baro gida.

Sadiq_Bukuru:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na gwada lamba uku a wata gangara a cikin gari, sai na ji injin yana kuka sosai, allura ta haura 3,000. Ba zai lalace ba? Kuma in mutum ya riga ya shiga gangara a lamba biyar, yaya zai sauko da giyar?

Baba_Tanko_Direba:
Kukan nan aikinsa yake yi, ka bar shi. Ka sa giyar tun kana sama, kafin kan mota ya sunkuya. Kai kaɗai ko da mutum ɗaya, lamba uku. Mota cike da kaya, ko ana ruwa, inda ya fi tsauri ka ba ta biyu. Birki kuma kada ka kwantar da ƙafa a kansa kana jan sa. Ka taka sosai gudu ya sauka, ka ɗage ya sha iska, in ta sake ɗauka ka sake takawa. In ka makara kana biyar, birki tukuna, sannan huɗu, birki, sannan uku. Kada ka yi tsalle daga biyar zuwa biyu da gudu, za ka iya fasa inji, a jiƙaƙƙen titi kuma taya ta ja mota ta juya da kai.

Injiniya_Kabiru:
Jan layin haɗari na agogon juyin injinka yana can sama da 6,000, don haka 3,000 ko 3,500 ba komai ba ne. Dabara ɗaya a kan abin da Baba ya faɗa: lokacin da ka danne kulochi za ka sauko da giya, ka ɗan taɓa totur sau ɗaya juyin inji ya tashi, sannan ka saki. Giyar za ta zauna lafiya babu fizga. Kuma tunda kana bin Kibo, yaushe rabon da a canza man birkinka? Man birki yana shan danshi. Sabon man birki samfurin DOT 4 sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa tun wajen 155. In ya tafasa tururi ne a cikin bututu, shi ne nutsewar fedar da Baba ya kwatanta. Yawancin kamfanoni duk shekara biyu suke cewa a zubar a sa sabo. Mu sai dai ƙari in ya ragu. Kwara wa faifan birki ruwa yana da zafi kuma yana iya lanƙwasa shi, a bar shi ya huce da kansa.

Malam_Habu_Zariya:
Tunda ana zancen ɗabi'u, ribas ɗina yana ƙara ƙurrr in zan sa, alhali sauran giyoyin lafiya. Giyabos ne?

Oga_Lawan_Bakanike:
Ba lallai ba Malam. Motoci da yawa ribas ɗinsu ba shi da zoben da ke daidaita juyi kamar na giyoyin gaba. Ka tabbata mota ta tsaya cak, ka danne kulochi har ƙasa, ka ɗan jira, ko ka fara shiga lamba ɗaya sannan ka wuce ribas. In duk da haka yana yi, kulochin ne ba ya rabuwa sosai, ko kafet ya taru a ƙarƙashin feda. In ka yi fakin kuma ka bar ta a giya tare da birkin hannu, lamba ɗaya in tana kallon tudu, ribas in tana kallon gangara. Sai dai wanda ya saba da haka dole ya saba da danne kulochi kafin ya murɗa makulli, musamman a gidan da yara ke wasa gaban mota.

Auwal_Sharon:
Na karanta duka. Baba, girmanku ne, kuma a Kibo ko Mambila ban ce a sa firi ba, ni ma ba na yi da fasinja a irin wuraren nan. Amma a daina magana kamar direban haya ba shi da hankali. Ka sayi mai da tsada, ka biya kuɗin tasha, ka sallami na kan hanya, ka kai wa mai mota balas, abin da ya rage shi ne cefanen gida. A shimfiɗaɗɗiyar hanya irin Zariya zuwa Kano, inda gangaren ba ya tsoratar da kowa kuma kana hango gabanka, ni ina sakinta, kuma ina ganin bambanci a aljihuna. Injiniya da kansa ya yarda.

Hajiya_Bilki_KD:
Malam Auwal, babu wanda ya raina wahalarku, Allah ya sani. Amma ko a shimfiɗaɗɗiyar hanyar, akuya ta faɗo ko wani ya yi maka obatekin ya matse ka, wani lokacin totur ne ke fitar da mutum ba birki ba. A firi kafin ka lalubo giya an gama.

Auwal_Sharon:
Hajiya hannuna yana kan giyar, daƙiƙa ɗaya ce.

Oga_Lawan_Bakanike:
Hannun ma ka sauke shi daga kan giyar, yana cin cokalin da ke cikin giyabos, kuma sitiyari hannu biyu yake so.

Injiniya_Kabiru:
Abin da na yarda da shi, Malam Auwal, ɗan kaɗan ne, kuma ina zargin bambancin da kake gani daga wani wurin yake zuwa. Direban da ke sakin mota a firi yawanci shi ne mai hangen nesa, mai ɗage ƙafa da wuri, marar yawan birki. Wannan ɗabi'ar ce ke rage mai. Ka yi ta a lamba biyar, ka duba iskar tayarka, ka sauko daga 130 zuwa 100, ina ganin za ka samu fiye da abin da firi ke ba ka. Ina da na'urar da ake soka wa mota ta nuna abin da nozul ke fesawa. In lodi ya kawo ka Kano ka yi mini magana ta akwatin sirri, mu hau hanyar Wudil, zuwa a giya, dawowa a firi.

Auwal_Sharon:
Na yarda, amma da sharaɗi. Ba allon na'ura za mu duba ba, don ta riga ta goyi bayanka. A cika tanki har baki a gidan mai ɗaya, famfo ɗaya, a je a dawo a giya a sake cikawa, sannan a je a dawo yadda nake yi a sake cikawa. Kuma ni zan ja duka biyun.

Nasiru_Gembu:
In kai za ka ja duka biyun ai ƙafarka za ta yi son kai ko ba ka yi niyya ba. A samu mutum na uku. Kuma a yi da sassafe, don in iska ta taso da rana lissafin zai rikice.